Rasuwar Shafin Makarantar Malama Hajjo

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har ya fara zuba gefe, iyalan marigayi Malam Umaru na Gwandu, a madadin babban ɗansu Tajuddeen mai shagon kwamfuta a Kalgo, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar shafin intanet na makarantar matan aure ta Malama Hajjo. Marigayin ya cika ne Laraba huɗu da suka wuce, da misalin ƙarfe biyu na rana, a ƙarƙashin teburin mai shi, bayan gajeriyar jinya da dogon taurin kai. Ya rasu yana da shekara biyar da wata huɗu, wanda masana suka tabbatar wa iyali cewa tsufa ne tukuf a irin jinsinsu.

Tajuddeen ne ya kamata ya rubuta wannan sanarwa da hannunsa. To amma duk lokacin da ya zauna zai fara, sai ya tsaya kallon gurbin da marigayin yake zama, ya yi ajiyar zuciya, ya tashi ya sayo rake. Shi ya sa aikin ya faɗo kan ƙanwarsa Sharifa. Ana raɗe-raɗin cewa tana da hannu a mutuwar, kuma ba duka ta musa ba.

An haifi marigayin ne cikin gardama. Malama Hajjo, mahaifiyar Tajuddeen da Sharifa, ta lura 'ya'yan ɗalibanta sun watsu a duniya, wasu Legas, wasu Kumasi, wasu Jidda, kuma kowa yana son sanin inda uwarsa ta kai a karatu. Ta ce a yi wa makaranta shafi. Nan take gida ya rabu biyu. Sharifa, wadda ke koyar da ajin tajwidi a makarantar, ta ce a ɗauki WordPress a huta. Tajuddeen, wanda ya karanta ilimin kwamfuta a jami'a kuma bai taɓa barin kowa ya manta da haka ba, ya ce sai dai Node.

Ga waɗanda Allah ya rufa wa asiri ba su san bambancin ba, ga shi a taƙaice. WordPress riga ce ɗinkakkiya a kasuwa: ka saya ka sa, in ta yi maka yawa ka ɗan rage, kuma ko wa ke gidan zai iya mayar da maɓalli in ya cire. Node kuwa yadi ne da almakashi. Duk irin ɗinkin da ranka ke so za ka samu, daidai jikinka, amma kai za ka ɗinka tun daga wuya har ƙafa, kuma ranar da zare ya warware sai an nemo telan duk inda ya shiga. Tajuddeen ya yi bayanin awa guda a tsakar gida, har da zane a ƙasa da tsinke. Malama ta saurara tana jan carbi, idonta na kan kaji. Da ya gama, sai ta juya ga Sharifa, alhali yana zaune taku uku daga inda take, ta ce, "Ki ce ma mutumin Kalgo shi yi abin da yag ga ya hi."

A nan dole a tsaya a yi wa baƙi bayani, domin nan ne tushen rayuwar marigayin da mutuwarsa. Tajuddeen ɗan fari ne. Tun yaye kakarsa ta ɗauke shi, kuma Malama Hajjo tana cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Shekara talatin da huɗu ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba, ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama hira inda yake. In ya shigo gaisuwa, amsa biyu ce, sai ta tuna akwai tukunya a wuta, ko da ranar ba a hura wuta ba. Shi ma Malama yake ce mata, kamar kowace ɗaliba. Bai taɓa kuka da haka ba, don ya san al'ada ce ba ƙiyayya ba. Amma abin yana cinsa, kuma duk gidan an sani.

Wata uku ya kwashe yana ɗinka marigayin. Ya zaunar da shi cikin wata tsohuwar kwamfutar cinya mai tsagaggen murfi, ya ɗora ta kan bulo biyu a ƙarƙashin teburinsa don iska ta riƙa shiga, ya haɗa ta da batirin sola. Daga wannan lungu na Kalgo marigayin ya yi wa duniya hidima.

Kuma a faɗi gaskiya, ya yi hidima. Marigayin mai sauri ne. Ko a Maruda, inda sai an hau tudu an ɗaga waya sama kafin a sami layi, yana buɗewa kafin ka gama bisimilla. Bai taɓa cinye wa talaka data ba. Bai taɓa ɗauko tallar da za ta sa dattijo ya kife waya ba. Masu kutse ba su taɓa samun kansa ba, domin babu wanda ya fahimci yadda aka gina shi, kuma bayan shekara biyu maginin ma ya shiga sahun waɗanda ba su fahimta ba.

Babban abin alfaharinsa shi ne ya san kunya. Malama ba ta faɗin sunan maigidanta marigayi, ba ta faɗin na surukinta, ga shi kuwa rabin mazan Gwandu Umaru ne ko Atiku. In tana karanto sunayen ɗalibai sai ta ce wance 'yar mai sunan Malam, wance 'yar mai sunan Baffa. Wannan abu ne da Tajuddeen zai iya gyarawa da kansa cikin daƙiƙa biyu yana rubutawa. Sai ya kwashe sati uku yana koya wa marigayin, har ya zama da an rubuta mai sunan Malam zai mayar da shi Umaru, mai sunan Baffa ya koma Atiku. Ya ba kowa labarin nan a Kalgo, har direbobin tasha sun haddace shi. Ya kuma koya masa cewa in ya ga suna ɗaya daga gari ɗaya ya zo sau biyu, ya share na biyun, saboda in layi ya yanke Malama takan maimaita.

Za a daɗe ana tuna muryarsa. Da safe yakan ce fuuuu, a hankali, kamar mai hura koko. Da rana ta take sai ya koma gurrrr, har teburin na rawa, ɗaliban jami'a da suka zo buga takarda su riƙa ɗage ƙafa suna leƙawa. In an ɗauke wuta yakan ce tit, tit, sau biyu kacal, cikin ladabi, ba ya ƙarawa.

Ba a faɗin aibin mamaci, amma wannan kam ya shafi tarihi. Marigayin ba shi da ƙofa. Ba wanda ke iya sa masa ko wasali ɗaya sai Tajuddeen. In za a canza ranar komawa hutu, sai Kalgo. In an yi kuskure a sunan wata, sai Kalgo. Sharifa ta roƙi a buɗe mata wurin da za ta riƙa shiga tana rubutawa da kanta, ya ce ana kan aiki. Shekara biyar ana kan aikin nan. Ta kira shi mai rowa, ta kira shi sarkin son a san da shi, ta kai ƙararsa wurin matarsa. Duk a banza.

Dalilin ba rowa ba ne. Tun da marigayin ya zo duniya, kowace Alhamis bayan la'asar wayar Tajuddeen takan yi ƙara, kuma Malama ce da kanta, don ta ce saƙon makaranta amana ne, ba a ba da shi a bakin wani. Ba ta kiran suna. Takan yi sallama ta ce, "Akwai biro kusa? To a rubuta." Sai ta karanto wadda ta shiga izu na goma, wadda ta haihu, wadda aka yi wa rasuwa, shi kuma yana rubutawa a hankali da gangan, yana cewa a maimaita. Wani lokaci minti goma, wani lokaci ashirin. In ta gama takan tambayi iska, "An dai ci abinci ko?" Ya ce an ci. Ta kashe. Wannan kiran shi ne duk hirar da ya taɓa samu da mahaifiyarsa, kuma ya san ranar da marigayin ya sami ƙofa, ranar kiran zai ƙare. Don haka ya bar shi ba ƙofa.

Ciwon ajali ya faro ne daga walimar sauka ta bana, a tsakiyar bazara. Mata goma sha tara suka sauke Alƙur'ani, aka sa walima ranar Asabar, aka ce a fitar da sunaye a shafi tun da sauran kwana tara don na nesa su shirya. Cikinsu akwai Hajiya Hafsat ta Maruda, mai shekara sittin da takwas, wadda ta yi shekara goma sha ɗaya tana hawa babur ɗin haya sau uku a sati, damina da rani, tun daga baƙi da wasali har ta kai ƙarshe. Sunan mahaifinta Tajuddeen.

Ran Alhamis Malama ta kira. Ta karanto sunaye lafiya lau, har da wata Hafsat Lawal, ita ma 'yar Maruda. Da ta zo na goma sha bakwai ta ce, "Hafsat." Sai ta tsaya. Sunan mahaifin Hafsat ba ta taɓa yi masa madadi ba, balle kuma mai sunan ne a kan layi. Ta yi gyaran murya ta ce, "Maruda."

"Hafsat wa, Malama?" in ji shi.

"An dai ci abinci ko?" in ji ta. Ta kashe.

Ya rubuta abin da ya ji. Marigayin ya duba, ya ga Hafsat ta Maruda ta zo sau biyu, ya yi abin da aka koya masa cikin biyayya. Sunaye goma sha takwas suka fita duniya.

Kafin Litinin 'ya'yan Hajiya Hafsat na Legas sun bugo waya ya fi sau goma. Sun ɗinka anko, sun yi shatar mota, sun gayyato surukai, sun duba shafi sama da ƙasa ba sunan uwarsu. Ita kuwa ba ta yi faɗa ba. Ta zo makaranta, ta cire takalmi, ta zauna a bakin ƙofar Malama ta ce, "Malama, halan ban sauke ba? In da sauran gyara a hwaɗa mini, in koma baya. Ba ni jin kunyar komawa." Sharifa ta sha ganin Malama cikin rasuwa da rashin lafiya, ba ta taɓa ganin fuskarta ta faɗi irin na ranar ba. Da tsohuwar ta tafi, Malama ta ce, "Ki ce ma mutumin Kalgo a gyara kahin Asabar."

Ran Talata ya sa sunan cikakke. Marigayin ya share. Ya sake sawa, ya sake sharewa, don shi a saninsa umarni umarni ne. Tajuddeen ya shiga neman inda ya koya masa wannan hali, ya tarar da rubutun da ya yi shekara biyar baya ba ko alamar bayani, sai wani wuri da ya rubuta wa kansa cewa kada a taɓa nan. Da abin ya ishe shi, sai ya yanke shawarar da masu jinya kan yanke in sun ruɗe: ya ɗura wa majinyacin duk magungunan da ya tsallake na shekara biyar a lokaci guda. Ya sabunta kayan cikinsa gaba ɗaya. Sababbin suka ce ba su san tsofaffin ba, tsofaffin suka ce su ma haka. Fankarsa ta riƙa gurrrr tun safe, ga zafin da ko ƙadangare ya nemi inuwa. Aka yi masa fifita da kwali. Aka jiƙa tawul aka shimfiɗa a ƙasa. Ran Laraba batir ya kumbura har murfi ya ɗaga, kuma ƙarfe biyu daidai aka ɗauke wuta. Marigayin ya ce tit. Aka jira na biyun, bai zo ba.

Aka tambayi kwafin ajiya. Akwai shi a wani ɗan filashi, in ji Tajuddeen, sai dai bara waccan ya goge shi ya sa wa wata ɗaliba kundin kammala digirinta.

Sharifa ta iso Kalgo a motar haya bayan azahar, ta tarar da shi zaune a ƙasa ya rungumi gawa. Ya ɗago ya ce zai sake ginawa da Node, wanda ya fi na da, mai ƙofa har biyu in ana so. Sati biyu kawai yake nema. Walima kuwa saura kwana uku. Ta zo da maganganu cike da baki, tun daga Gwandu take jera su, har da na shekara biyar da suka wuce. Sai ta ga idonsa, ta haɗiye su, ta faɗa masa abin da Hajiya Hafsat ta ce a bakin ƙofa, kalma da kalma.

Ya ajiye gawar a gefe. Sannan ya ce, "Kin san in anka sa wancan naku, Malama ba ta ƙara kira na."

"Na sani, Yaya."

"To miƙo min waccan kwamfutar."

Da hannunsa ya kafa WordPress, kuma tarihi zai shaida bai yi shi cikin daɗin rai ba. Ya ce launinsa na 'yan talla ne. Ya ce ya cika nauyi kamar buhun albasa. Ya ce ko akuya aka ba waya za ta iya wannan, ina ilimi a ciki. Kafin a kira magariba ya gama, ya buɗe wa Malama ƙofarta, ya buɗe wa Sharifa tata, ya ce rana ce ta shiga idonsa, alhali shagon ya ba yamma baya.

Washegari Alhamis Malama ta sa tabarau, ta zauna a tabarma, ta rubuta sunaye goma sha tara a waya da yatsa ɗaya. Awa ɗaya da rabi. Da ta zo na goma sha bakwai Sharifa ta miƙa hannu ta ce bari ta taya ta. Malama ta janye wayar ta ce, "Hwaɗi anka hana. Ban ji an hana rubutu ba." Ta rubuta shi harafi bayan harafi, ba kuskure, ba tsayawa tunani. Sannan ta kife wayar a kan tabarma ta ce a duba mata tukunya. A Kalgo kuwa, bayan la'asar, Tajuddeen ya ajiye biro da takarda a gabansa don sabo, ya zauna har aka kira magariba. Wayar ba ta yi ƙara ba.

An yi walima lafiya. 'Yan Legas sun zo da ankonsu, Hajiya Hafsat ta karanta nata rabon, an yi kuka, an ci shinkafa.

Marigayin ya rasu ya bar caja ɗaya mai ɗaurin roba a wuya, da linzamin kwamfuta wanda sai an buga shi a tebur yake motsi, da bulo biyu. Ya bar wata jakar fayiloli a cikinsa mai ɗauke da 'ya'ya da jikoki sama da dubu, waɗanda ko Tajuddeen bai san sunayensu ba, wasu ma bai san ranar da suka shigo ba. Ya bar magajinsa WordPress, wanda ke cikin ƙoshin lafiya, har Malama ta gano yadda ake sa hoto ta cika shi da hotunan bishiyar darbejiyar makaranta. Ya bar mai shi cikin maraici.

Game da jana'iza, an jinkirta ta sati huɗu saboda Tajuddeen ya ƙi yarda, sai da ya kai gawar wurin masu gyara uku a Birnin Kebbi, kowanne ya buɗe, ya shinshina, ya yi masa gaisuwa. Ba za a yi salla ba, don Malama ta ce duk wanda ya kawo wasa cikin addini zai gamu da ita. 'Yan gwangwan da suka fara zarya a ƙofar shago su yi haƙuri, ba a sayarwa. Za a ɗauko marigayin daga Kalgo ranar Juma'a mai zuwa da safe, a kujerar gaba, bisa cinyar mai shi, a kawo shi Gwandu a naɗe cikin tsohon zane a ɗora saman kabad ɗin Malama. Ita ta ce a kawo shi gida, ta ce ya yi wa makaranta aiki, ba a barin irinsa a ƙarƙashin tebur.

Zaman makoki kuwa ba a san ranar tashinsa ba, ga kuma dalili. Tun Juma'ar farko bayan walima Malama ta wayi gari ta ce ta manta kalmar sirrin shiga shafin. Ita ta zaɓi kalmar da kanta. Wannan mata ce da ke da izu sittin a ka, ta san sunan kowace ɗaliba da ta taɓa zama gabanta da na uwarta. Sharifa ta ce za ta rubuta mata a takarda, ta ce takarda ɓata take yi. Sharifa ta ce to bari ta shigar mata, Malama ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Wa yas sa ki?" Aka ce a kira Kalgo a waya, ta ce bayanin waya ba ya shiga kanta, sai dai mutumin ya zo da ƙafarsa. Ya zo. Ya zauna a bakin tabarma, ita tana kallon bango, ya sabunta mata kalmar cikin minti biyu, ta ce tunda an zo a tsaya a nuna mata sauran abubuwan. Sai bayan la'asar ya tafi, da kwanon tuwo a leda. Juma'ar da ta biyo ta sake mantawa. Ta bayanta ma haka, kuma tun ran Laraba ta aika a sayo kaza.

Saboda haka za a ci gaba da karɓar gaisuwa a gidan Malam Umaru da ke Gwandu kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, inda za a sami mai makokin zaune a bakin tabarma, ya yi ƙiba kaɗan. Masu zuwa su zo da addu'a kawai. Iyali kuma suna roƙon duk wanda ya san yadda ake sa waya ta riƙe kalmar sirri da kanta, don girman Allah, ya yi ta'aziyyarsa ya tashi bai ce komai ba.